Tsatsar ƙaramin taragon gumagumai shaida ce, ba shirme ba

A ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Jamus da Japan akwai magidanta, wasunsu har da jikoki, da ke kashe kuɗi su sayi ɗan taragon jirgin ƙasa wanda bai wuce tsawon wayar salula ba. Sukan shafe makonni suna harhaɗa shi, su yi masa fenti, su ɗora masa 'yan gumagumai, su ɗaure su da siririyar sarƙa. Idan komai ya kammala, ya fito fes, sai su ɗauko buroshi su shiga ɓata shi da gangan: a zuba tsatsa nan, a ɗiga baƙin mai can, a kankare fenti, a barbaɗa ƙura.

Wanda ya ci karo da wannan karon farko a bidiyon YouTube ko Facebook, ba laifi idan ya ce rashin aikin yi ne. Ina hikimar sayen sabon abu a mayar da shi tsoho?

Sai dai idan aka tsaya aka dubi aikin da kyau, za a ga cewa wannan mataki na ƙarshe, wanda za a iya kiransa tsofarwa, shi ne mafi daraja a cikin aikin gaba ɗaya. Tarago mai sheƙi yana nuna abin da kamfani ya ƙera ne kawai. Wanda aka tsofar da shi kuwa yana nuna aikin da aka yi da shi, da mutanen da suka yi aikin, da dajin da aka sare. Sharaɗin dai guda ɗaya ne: kowane tabo ya zama yana da hujja.

Komai a raba shi gida 87

Abin da ya raba wannan sana'a da kayan wasan yara shi ne ma'auni. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake raba kowane abu na gaske gida 87. A Birtaniya an fi amfani da OO, wato kashi ɗaya cikin 76, dukansu kuma suna tafiya a kan layin dogo mai faɗin milimita 16.5. Akwai ƙarami ma, N, kashi ɗaya cikin 160.

Ke nan tarago mai tsawon ƙafa 40, wato kimanin mita 12, zai koma santimita 14 a ma'aunin HO. Gungumen da kaurinsa ya kai mita ɗaya zai koma kimanin milimita 11 da rabi, ya ɗan fi fensir kauri. Babu abin da ake yafe wa wannan lissafi, tun daga ƙusa har zuwa zoben sarƙa.

Harkar ba ta yau ba ce. An fara buga mujallar Model Railroader a Amurka a 1934, aka kuma kafa ƙungiyar NMRA a 1935 domin daidaita ma'aunai, ta yadda taragon wannan kamfani zai hau layin wancan.

Taragon da ba shi da gangar jiki

Taragon gumagumai ya fito ne daga wani zamani na musamman a tarihin Amurka. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, kamfanonin katako sun riƙa shimfiɗa layukan dogo na wucin gadi zuwa cikin dazuzzukan Michigan da West Virginia da Oregon da Washington da Kalifoniya. Idan itace ya ƙare a wannan kwari, sai a cire layin a kai shi wani.

Layukan ba su da inganci, ga hawa da gangara da kwanoni masu tsanani. Wani mai sana'ar katako a Michigan, Ephraim Shay, ya samu lasisin mallakar fasaha a 1881 kan wani kan jirgi mai tururi da ke juya dukkan ƙafafunsa ta hanyar giya. Ba ya gudu, amma yana hawa tudun da sauran ba sa iyawa. Kamfanin Lima da ke jihar Ohio ya ƙera kusan 2,770 irinsa, na ƙarshe a 1945.

Su kansu taragan an rage musu duk abin da ba dole ba. Wani nau'in ƙashin baya ne kawai na katako ko ƙarfe, da matasai biyu ko fiye a gicciye inda gumagumai ke kwanciya. Wani nau'in ma babu ƙashin bayan: ƙafafu ne rukuni biyu a rabe, ɗaya a gaba ɗaya a baya, gumaguman da aka ɗora su ne ke haɗa su. Kamfanin Kadee da ke Oregon, wanda tagwaye Keith da Dale Edwards suka kafa a 1946, yana cikin waɗanda suka yi suna wajen sayar da irin waɗannan taragai a ƙaramin ma'auni, a wargaje, mai saye ya haɗa da kansa.

Wanda bai san wannan tarihi ba, ba zai iya gina taragon daidai ba. A nan karatu ke fara shigowa.

Nauyi da ɓawo

Matsala ta farko ita ce nauyi. NMRA ta ba da shawarar cewa taragon HO ya yi nauyin oza ɗaya, a ƙara rabin oza kan kowane inci na tsawonsa. Mai santimita 14 ke nan yana bukatar kimanin giram 106. Taragon da ƙashin baya ne kawai ba shi da inda za a ɓoye wannan nauyi, idan kuma ya yi shafal zai riƙa sauka daga layi a kwana. Shi ya sa ake zuba wasu da ƙarfe maimakon roba, wasu maginan kuma kan huda cikin gungumen da ke ƙasa su cusa ƙarfe, su toshe bakin.

Ta biyu ita ce gumaguman. Mai farawa yakan ɗauka cewa duk reshen da ya tsinta a bayan gida zai yi. Ba haka ba ne. Tsagar ɓawo mai faɗin milimita 2 a jikin reshe daidai take da tsaga mai santimita 17 a jikin bishiyar gaske. Saboda haka sai an nemo reshe miƙaƙƙe, mai ɓawo mai laushin zane, a busar da shi sosai, wasu ma kan ɗan gasa shi a wuta mai sanyi domin kashe ƙwari. Masu son su fi haka iko da aikin kan ɗauki sandar katako mai laushi, su ja haƙoran zarto a jikinta daga sama zuwa ƙasa har ta yi zane irin na ɓawo, sannan su rina ta.

Lodin ma yana da ƙa'ida. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, tsibin yana tsukewa yayin da yake hawa. Bishiya ta fi kauri a gindi, don haka gungume ba ya zama daidai wa daida daga wannan baki zuwa wancan. Bakin da zarto ya yanka jiya fari ne tas, wanda ya kwana biyu a rana ya yi toka-toka ya fara tsagewa daga tsakiya. Sarƙa kuma dole ta ɗame, domin sarƙar da ta yi lakwas a kan lodin da aka ce ya kai tan da yawa ƙarya ce da ido ke kamawa nan take.

Datti yana da ƙa'ida

Kayan tsofarwa ba su da wani tsada. Tawadar baƙi kaɗan a cikin sifirit tana shiga lungu-lungu ta fito da zanen katako. Soson ƙarfe, irin na wanke tukunya, idan aka jiƙa shi a ruwan khal na 'yan kwanaki, yana ba da ruwan da ke mayar da sabon katako ruwan toka kamar ya shekara goma a waje. Alli mai launi da aka niƙa shi ne ƙura da tsatsa. Akwai kuma dabarar tsoma buroshi a fenti, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a shafa sama-sama, ta yadda gefe-gefe ne kawai za su ɗauka. A ƙarshe a fesa abin da zai kashe sheƙi ya kuma riƙe allin.

Ba kayan ne ke da wuya ba, sanin inda za a sa su ne. Tsatsa tana bin hanyar ruwa, saboda haka daga kan ƙusa take gangarowa ƙasa, ba ta tafiya a gicciye. Tsohuwar tsatsa duhu gare ta, sabuwa ce ke yin ja-ja. Baƙin mai yana taruwa ne inda ake zuba shi, wato a akwatunan da ƙafafu ke juyawa a ciki, ƙura kuma ta manne a kai. Fuskar ƙafar da ke taka layi kullum a goge take, tana ƙyalli. Saman matasan da ake jefa wa gumagumai ba ya riƙe fenti, ya sha duka, ga guntattakin ɓawo a maƙale. Taɓo daga ƙasa yake fantsamowa, rana kuma daga sama take cin launi.

Har nisan kallo yana cikin lissafi. Mai kallon tarago daga rabin mita kamar yana hango na gaske ne daga mita 43, kuma abin da ke nesa launinsa kan yi sanyi. Shi ya sa ƙwararru ba sa amfani da baƙi wuluk ko fari fat.

Duk waɗannan ba a kan tebur ake koyonsu ba. Sai an zauna da tsoffin hotuna, ko an je inda taragan suke, kamar Cass da ke West Virginia, inda aka mayar da tsohon layin katako wurin yawon buɗe ido. Gani ya kori ji. Mutumin da ya yi wannan aiki na shekara guda ba ya sake kallon tsohuwar tirela ko ƙofar ƙarfe kamar da, sai ya riƙa karanta su.

Mutane biyu da suka ga abin tun da wuri

John Allen, mai ɗaukar hoto da ya zauna a Monterey ta Kalifoniya, yana cikin waɗanda suka yaɗa tsofarwa. A ƙarshen shekarun 1940, lokacin da kowa ke alfahari da jiragensa masu sheƙi, shi ya gina ɗakin ajiye kan jirgi wanda ya sha jiki, har da tattabaru da kashinsu a kan rufi. Duniyar jiragen da ya gina a gidansa, mai suna Gorre & Daphetid, ta zama abin koyi. Ya rasu a watan Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye ta. Hotunan da ya ɗauka ne suka rage.

A Ingila kuwa, Roye England, haifaffen Ostireliya, ya ga ana rushewa ana sauya tsoffin gidajen karkara masu rufin ciyawa a yankin Vale of White Horse. Sai ya shiga auna su, yana ɗaukar hoto, yana gina su a ma'aunin kashi ɗaya cikin 76 yadda suke, da fashewar bango da komai. Daga nan gidan tarihi na Pendon ya samo asali a 1954. Yau mai son ganin yadda ƙauyukan yankin suke a shekarun 1920 da 1930 can yake zuwa.

Da waɗannan mutane sun wanke abin da suka gani tas kafin su gina shi, da kayan ado kawai suka bari.

Abin da masu suka ke cewa

Suka ta farko ita ce almubazzaranci ne da ɓata lokaci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: kawunan jirage da na'urorin sarrafa su suna da tsada, akwai kuma masu tara kaya a kwali ba tare da sun gina komai ba. Amma taragon gumagumai na cikin mafi arha a harkar, domin rabinsa reshe ne da alli da haƙuri. Kuma lokacin ba ya tafiya a banza. Ƙungiyar ɗalibai masu ƙananan jirage ta jami'ar MIT, wadda aka kafa a 1946, ta fitar da wasu daga cikin matasan farko da suka yi fice a rubuta manhajar kwamfuta, waɗanda suka fara gogewa a kan wayoyin lantarkin da ke ƙarƙashin tebur. A birnin Hamburg na Jamus, Miniatur Wunderland da tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001 yana karɓar baƙi sama da miliyan ɗaya a shekara.

Ta biyu daga masu tara kayan take fitowa: duk taragon da aka taɓa da buroshi, darajarsa ta faɗi a kasuwa. Sau da yawa haka ne, musamman idan tsohon kaya ne da ya yi ƙaranci. Wanda ya saya don ya sayar, ya bar abinsa a kwali. Amma ajiya daban, gini daban.

Ta uku daga cikin gida take, kuma daidai ce: wasu suna wuce gona da iri. Sai ka ga tarago ya yi tsatsar da ko motsi ba zai iya ba, amma an ɗora masa lodi an ce yana bakin aiki. Gishiri idan ya yi yawa ɓata miya yake. Dattin da ba shi da hujja shi ma ƙarya ne, kamar dai sheƙin da ba shi da hujja.

Sukar da ta fi nauyi

Akwai ta huɗu, wadda bai kamata a wuce ta da sauri ba. Waɗannan taragai sun yi jigilar dazuzzukan da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna girma. Daga cikin tsohon dajin redwood na gaɓar Kalifoniya, wanda ya kai kusan eka miliyan biyu, kimanin kashi 5 cikin 100 ne ya rage. Aikin ma ya ci rayuka. Tsohuwar hanyar haɗa taragai da zobe da ƙusa tana bukatar ma'aikaci ya shiga tsakaninsu ya riƙe zoben da hannu, abin da ya raba mutane da yawa da yatsunsu. Dokar Amurka ta 1893 ta wajabta mahaɗi mai kulle kansa a manyan layuka, amma layukan daji da yawa sun ci gaba da tsohon yayi har bayan shekaru.

To shin gina ɗan tarago kyakkyawa ba wanke wannan tarihi ba ne, a mayar da shi abin sha'awa?

Zai iya zama haka. Magini da ya zagaye layinsa da kore shar, babu kututture ko ɗaya, babu tudun da aka aske, ya faɗi rabin labari. Amma maganin wannan shi ne ƙarin gaskiya a cikin ginin, ba barin ginin ba. Gungume ɗaya tak da ya cika tarago, mai kaurin mita 2 a zahiri, milimita 23 a kan tebur, yana sa yaro ya tambayi ina irin waɗannan bishiyoyi suka tafi. Zobe da ƙusa da aka ƙera daidai suna sa a tambayi wa ke sa hannu a wurin. Taragon da aka tsofar bisa hujja yana tayar da waɗannan tambayoyi, mai sheƙi kuwa yana kwantar da su.

Inda abin ya shafi nan gida

Jigilar gumagumai a jirgin ƙasa ba baƙon abu ba ne a wannan yanki na Afirka. A Ghana layin yamma ya daɗe yana kai katako tashar ruwa ta Takoradi, wadda aka buɗe a 1928. A Kamaru ana lodin gumagumai a Belabo zuwa Duwala, a kan layin da ya isa Ngaundere a 1974.

A arewacin Najeriya kayan daban ne. Tun da jirgi ya iso Kano a 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, abin da taragai suka ɗauka shi ne gyaɗa da auduga da fata da shanu da kuza. Kowanne yana barin irin tabonsa, ƙurar hunturu ma ba ta kwanciya kamar taɓon dajin Oregon. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi tun 1957, kuma waɗanda suka hau shi suna ƙarewa.

Ta fuskar lissafi babu cikas. Tsohon layin Najeriya faɗinsa milimita 1,067 ne. Idan aka raba gida 87, layi mai milimita 12 ya yi masa daidai, idan kuma aka raba gida 64, layin HO na kasuwa mai milimita 16.5 ya wadatar, kamar yadda magina a New Zealand ke yi wa jiragensu masu irin wannan faɗi.

Ta fuskar hannu ma babu. Ƙasar da yara suka tashi suna ƙera motar kara da ta gwangwani, har da sitiyari da ƙofa mai buɗewa, ba ta rasa basira ba. Abin da bai haɗu da basirar ba shi ne ma'auni da tsohon hoto da wanda zai ce wa yaron abin da yake yi ilimi ne. Malamin fasaha a makarantar sakandare zai iya haɗa lissafi da tarihi da aikin hannu a tarago ɗaya, da kwali da kara da waya da gam.

Amma aikin yana da wa'adi. Tsoffin taragan da ke jibge a tashoshi ba za su dawwama ba, ga ruwan sama, ga kasuwar 'yan gwangwan. Duk mai waya da ke kusa da tasha zai iya neman izini ya ɗauki hotonsu ta kowane ɓangare, ya auna tsawo da faɗi, ya rubuta lambobin da ke jiki, ya tambayi tsoffin ma'aikatan jirgi me aka ɗauka a ciki da kuma yadda ake lodinsa. Ko da ba shi zai gina ba, wanda zai gina nan da shekara ashirin zai samu hujjar da zai kafa kowane tabo a kanta.